Bugu Shida a Ƙarfen Gado

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, ya sauƙaƙa maka zaman nesa. Inna na fama da ƙafarta kamar kullum. Gwaggo ta dawo gidanmu da zama don ta kama mana aiki.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. A waya ina ce maka da sauƙi don Inna na kusa, amma babu sauƙin. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, ko kalma ɗaya bai furta ba. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da Turanci, yau ruwan sha ma da ido yake nema.

Ka tuna yadda yake raba mana dogayen kalmomi gaɓa-gaɓa yana ƙwanƙwasa tebur, inda nauyin kalma ya faɗa sai ya buga da ƙarfi? Yakan ce kalma kaya ce, wanda bai san inda nauyinta yake ba sai ta kayar da shi. To, hannunsa na hagu bai manta ba. Kullum yana ƙwanƙwasa ƙarfen gado sau shida, na huɗun da ƙarfi, sannan ya zuba wa ƙofa ido. Likita ya ce motsin jijiya ne kawai. Ni kuwa na gane ta. Kalmar nan ce, responsibility, wato nauyin da ke wuyan mutum, wadda kake danna gaɓarta ta farko, ya hana ka tashi har abincinka ya huce, ina gefe ina yi maka gwalo. Ban taɓa kuskure a kanta ba, Yaya, kuma ni ke juya shi, ni ke wanke shi, amma ba ni yake kira ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Na san ka ce sai hutun ƙarshen shekara, amma zumunta a ƙafa take. Jiya na zauna na saurara. Shidan na nan, sai dai na huɗun ya zama daidai da sauran, kuma sai na kai kunne kusa nake jin su.

Inna da Gwaggo da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida matarka da yara. Ka zo tun hannun yana ɗagawa.

Taka ƙanwa.