Hantar da Umma Take Ci

Zuwa ga Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Ɗalhatu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, amin. Baba yana nan ƙalau, kullum yana kasuwar Al Ras wajen lodin kwantena. Umma kuwa sai dai a ce da sauƙi.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Baba, a waya kuma bakina ba zai iya ba. Kin san jinin Umma ya yi ƙasa, likita ya ce ta riƙa cin hanta. Na dafa, na soya, duk ta amayar. Rannan a babban kantin Al Nahda na shiga wani ɗan ɗaki can ƙurya, na ga wani nama mai laushi an rubuta masa liverwurst. Farkon kalmar na gane, haka likita yake kiran hanta. Kunya ta hana ni tambaya. Na shafa mata a burodi, na ce hanta ce, ta cinye har ta nemi ƙari. Ranar na yi kukan murna. Tun daga nan shi kaɗai ke zama a cikinta.

Shekaranjiya na nuna wa Kamila, 'yar maƙwabtanmu mai zuwa makaranta, hoton ledar, ban gaya mata dalili ba. Ta ce kalmar Jamusanci ce, hanta ce ake niƙawa da kitse a ɗura a hanji, wannan kuma ta alade ce. Wai har a ƙofar ɗakin an rubuta ba na Musulmi ba ne. Yaya, da hannuna nake ba Umma.

Na niƙa hantar rago da albasa da man shanu, ta ɗanɗana ta ture, ta ce in kawo mata wancan nata. In ta ji gaskiya ba za ta sake buɗe baki ba, ga hannunta ya zama kamar kara. Gaba kura, baya siyaki.

Ki gaishe da Gwaggo Maimunat da Kawu Zailani da Hafiz, kada ki faɗa musu. Ni dai yau na koma ɗakin nan na kantin na sayo wani, na cire ledar na yar a hanya. Umma ba ta sani ba, Allah ba zai kama ta ba. In za a tambayi wani, ni za a tambaya.

Ƙanwarki,
Sa'adiya