Samfur ƙafa ɗaya

Juma'a da dare, unguwar Sanyuanli

Yau kulob ɗin ƙwallon kwandon ya sallame ni, bayan sati uku na gwaji. Tafinta ya ce gurbin baƙi ya cika, sun ɗauki wanda ya fi ni tsawo. Na tambaya ko da sauran dama. Koci da kansa ya amsa: "Meyo." Abin da masu shago ke cewa ke nan idan kaya babu. Na miƙa rigata na fito. Ban ji komai ba, har yanzu ma.

Shekara huɗu ina buga wa jami'a ƙwallon kwando a Amurka, Baba, da ke tuƙin tasi a can, yana ajiye motarsa ya zo kallo. Yau ya kira sau uku, ban ɗauka ba.

Bayan sallar Juma'a a masallacin Huaisheng na faɗa wa Kawu Sani, tunda a ɗakinsa na sauka. Shi dai takalma ya sani, su yake aikawa Kano. Ya dafa ni ya ce, "Ɗana, ai samfur aka aiko ka. In wannan bai karɓa ba, gaba ake kaiwa."

Na ce, "Kawu, wanda kowa ya ƙi fa?"

Ya ce, "Ba a yarwa, ajiyewa ake."

Lallashina yake, na sani. Amma ga ni kwance kan katifa, samfuran da ya ajiye jere a jikin bango, duk ƙafa ɗaiɗai. Sababbi fil, ba wanda ya taɓa taka ƙasa.