Shayin Baba da jinin Mama

Baba,

Na wuce aiki, ban tashe ka ba. Jiya kana shago jiri ya kwashi Mama a layin burodi, maƙwabciyarmu Ummu Midhat ce ta riƙo ta har gida. Na kai ta asibiti. Jininta bai ƙaru ba ko kaɗan, duk maganin ƙarin jinin da take sha tun azumi.

Likita ta tambaya da me take haɗiye maganin. Mama ta sunkuyar da kai ta ce da shayi. Wannan baƙin shayin naka mai kauri, da kake miƙa mata da zarar ta gama cin abinci ta ajiye cokali. Shi ke hana maganin da abincin shiga jikinta. Sau nawa na faɗa, ka ce kakarmu da shayi ta kai casa'in?

Idan jinin bai ƙaru ba nan da wata guda, sai an yi mata ƙarin jini.

Don Allah, da ruwan lemo za ta riƙa shan maganin. Shayi sai la'asar.

Kuma ka sani, ta gaya wa likita ba ta ma son shayin. Don kai ke dafawa take sha.

Nahla