Ƙafar Mahaifina da Jirginku Ya Baro a Legas

Zuwa ga Manajan kamfanin jirgin saman da ya ɗauko mu daga Legas zuwa Kano,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Rakiya, ina koyarwa a wata firamare a Roni. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, domin ba tozarci na zo yi ba. Kun san kanku, takarduna kuma suna ofishinku na Kano. Na fito da maganar fili ne kawai saboda na gaji da buga wayar da ba a ɗauka.

Mahaifina, Malam Buba, manomi ne. Bara ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Da rani ya sayar da shanun huɗarsa, 'yan'uwa suka cika, na raka shi Legas aka yi masa ƙafar roba. Da idona na ga ya taka daga bakin gado zuwa ƙofar ɗakin asibiti ba wanda ya riƙe shi. Ranar dawowa likita ya ce kada ya sa ta a jirgi, don dungun yana iya kumbura. Na naɗe ta a zanena, na sa a jaka da niyyar riƙewa a hannu. Ma'aikacinku na wurin awo ya ce ta yi tsawo, sai dai ta bi kaya. Na gaya masa abin da ke ciki. Ya ce, "Hajiya, kafin ki sauko tana jiran ki."

A Kano muka tsaya, shi a keken guragu, ni a gefensa, har kowa ya ɗauki kayansa ya watse. Jakarmu ba ta fito ba.

A gida kuwa mutane sun cika ƙofa, don labari ya riga mu isa cewa Malam zai shigo da ƙafarsa. Ƙaninsa ne ya goya shi daga mota zuwa zaure. Ya dubi jama'a ya ce, "Ƙafar ta tsaya sayayya a Legas, tana tafe." Aka yi dariya. Daga nan ya shige ɗaki, sai da ya yi kwanaki bai ko leƙo zaure ba.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

Na farko, yawon da aka sa ni. Daga Roni sai na hau babur zuwa tasha, in shiga motar Kazaure, in sake wata zuwa Kano. Duk zuwan da na yi, ma'aikatanku ne suka ce in zo, jaka ta iso. Wani zuwan aka nuna mini akwatin wani. Wani zuwan aka ce mai mukullin ɗakin ajiya ya fita. Kowace tafiya aji nake bari ba malami, har shugaban makarantarmu, mutum mai haƙuri, ya fara kawar da kai idan na zo neman izini.

Na biyu, jakar ta iso bayan fiye da wata guda, kuma ba wanda ya ce mini ga inda ta shiga. Ba a kawo mana ita ba, ni na je na ɗauko. Amma kafin nan dungun ya rame saboda zama, ƙafar ta yi wa mahaifina yawa. Bai gaya mana ba. Ya riƙa cusa tsumma yana ɗaurawa yana zuwa masallaci, har ta goge masa fata. Ranka ya daɗe, ciwo a jikin mai suga ba ƙaramin abu ba ne, da irinsa aka fara har aka kai ga yankewa. Likita a Kazaure ya hana shi sa ta, ya ce sai an koma inda aka yi ta an sake awo. Damina ta sauka, ƙafar tana jingine a bayan ƙofa, gonarsa kuma aro muka bayar.

Na uku, maganar diyya. Na cika takardar da aka ba ni, na haɗa da tikiti da shaidar kaya da takardar asibiti. Aka ce in kawo rasit na kuɗin motar da na kashe. Wane direba ne a tashar Kazaure yake ba da rasit? Daga baya wata ma'aikaciya ta kira ni ta ce tunda jakar ba ta ɓata ba, abin da za a iya yi mini shi ne ragi a tikiti na gaba. Na tambaye ta ko ta karanta abin da na rubuta yana cikin jakar. Ta ce, "An rubuta kayan sawa."

Mahaifina ya ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah abin da yake nasa, amma wannan hakki ne da ke hannunku, kuma kuna iya sauke shi. Ina roƙon ku ɗauki nauyin gyaran ƙafar da kuɗin komawarmu Legas, ku mayar mini da abin da na kashe a hanya gwargwadon yadda kuka san kuɗin mota yake. Ina kuma roƙon ku gaya wa masu awonku cewa abin da mutum yake tafiya da shi, ko sanda ce ko ƙafa, ba a raba shi da shi. Idan da hali, wani daga cikinku ya kira tsohon nan ya ba shi haƙuri da bakinsa.

Ko kun biya ko ba ku biya ba, za mu koma bayan girbi in Allah Ya yarda. Mahaifina ya riga ya ce wannan karon a mota zai tafi, ko da za a kwana a hanya, da ƙafarsa a kan cinyarsa.

Allah Ya yi maka jagora a aikinka, Ya bar ka da lafiyarka, Ya sa iyayenka su gama da ƙafafunsu.

Wassalam, taka mai jiran amsa,
Rakiya Buba, Roni.