Damin Gidan Inna Zinariya

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024
Mun gama yankan dawa. Na ware dami mafi kyau na gidan Inna Zinariya, yadda Baba da kakana suka riƙa yi. A wurin kakanta kakana ya ari gonar nan, dami ɗaya duk kaka. Shekara tamanin ana aro! Ko tukunya ce ai ta huje.

Talata, 19
Masu awo sun kafa siminti a cikin gambar iyaka. Wai Dutse ce ke tahowa. Da ƙuruciyata a tsamiyar bakin titi gari yake ƙarewa, daga nan sai ƙafa da kukan kurciya. Baba kan sauke damin a gindinta ya huta, ya ba ni ƙuli.

Juma'a, 22
Zuhair, jikan Inna, zai yanka gonar filaye. Dagaci ya kira mu Litinin. Safina, 'yata ta jami'a, ta ce ba takarda ko ɗaya, damin nan ne kaɗai shaidar aro. In ɓoye shi, in ce gado ce. Na ce ni da na tsaya a aji huɗu, yau ga ni da lauya a gida.
Ban ci tuwo ba.

Litinin, 25
Zuhair ba shi da shaida. Inna kuma mantuwa ta fara kama ta, sai kallona take.
Dagaci ya ce, “Malam Arzika, kuna kai dami?”
Na ce, “Ranka ya daɗe, na bana ma yana zaure.”
Bakina ne ya faɗa, ba ni ba. Amma ƙafar Baba na gani a hanyar nan, da faso.
Dagaci ya ce gona ta koma ga masu ita. Safina ta wuce gaba ta bar ni a baya har gida.

Alhamis, 12 ga Yuni, 2025
Ruwan shuka ya sauka. Na ɗauki sungumi, na ajiye. Bulo ne a inda gamba take a da.

Asabar, 29 ga Nuwamba
Dami na sayo a kasuwar Jahun. Safina ce ta riƙe min shi a keke mai ƙafa uku. Inna ta shafa shi, ta kira ni da sunan Baba, ta tambayi gona. Na ce lafiya lau take, ta yi kyau bana.
Da za mu dawo mai keke ya ce ina muka nufa. Na ji kaina na ce, “Nan cikin gari, bayan tsamiya.”
Gajiya ce kawai.