Abin da Na Saya wa Kunnenka na Dama

Kwatano, ranar Laraba

Sètondji, sanyin idona, iskar teku da la'asar, ruwan farko a kan rufin kwano, mijin da zan aura,

Yau da hantsi na saya maka 'yar na'urar sauraron waƙa da iyafis a kasuwar Dantokpa. Suna cikin ledar da ta zo da wannan takarda. Na rubuto ne saboda ka daina ɗaga wayata tun ranar da muka fito daga wurin likitar kunne, kuma takarda ba ta bukatar a ɗaga murya.

Bari in maimaita abin da likitar ta ce, don na lura taga kake kallo lokacin da take magana. Kunnenka na hagu ya rasa siraran sautuka, kuma ba za su dawo ba. Kukan gyaren da kake ji a cikinsa wataƙila ya ragu, wataƙila ya zauna. Na dama da sauransa. Ta ce ka nisanci manyan lasifika har a sake aunawa, atisaye kuma kaɗan, ba da ƙarfi ba. Kai kuwa muna fitowa ka ce, "Madam 'yar jarida, in na ajiye sandunan ganga me zan zama? Ɗan acaba?" Ka tayar da babur ka bar ni tsaye a rana.

Na san ba za ka daina kiɗa ba, kuma ban roƙe ka ba. Abin da nake yaƙi da shi wata ɗabi'a ce guda. Duk makaɗan da suka tashi a hannun Tonton Dègla, shugaban ƙungiyarku, iyafis ɗaya suke sawa wajen atisaye. Ɗaya a kunne don bin waƙa, ɗayan yana lilo a ƙirji don a ji ganguna da farantan ƙarfe. Kuna alfahari da haka, har kuna yi wa mai sa biyu dariya. To amma ƙarar ganga tana shiga ta buɗaɗɗen kunnen ta danne waƙar, sai ka ƙara murya, ka sake ƙarawa, har maɓallin ya ƙure. Shekara da shekaru kana ɗura wannan wuta a kunnen hagu. Makon jiya na gan ka ta tagar ɗakin atisaye: ka mayar da iyafis ɗin kunnen dama, don hagun ya daina ji da kyau. Sètondji! Wanda ya rage ɗin za ka ƙona?

Dubi Tonton Dègla kansa. In ana masa magana sai ya karkato kai kamar kaza mai kallon shaho, ya yi murmushi, ya ce "Haka ne" ko da gaisuwar mutuwa ake masa.

Ga yadda na yi zaɓin. Ban yarda ka ci gaba da amfani da wayarka ba, domin kira na shigowa tsakiyar waƙa da ƙara mai tsinka kunne. Marasa igiya ma na ƙi su, don na karanta cewa sautinsu kan ɗan makara, kuma kai mutum ne da ke jin makarar ƙiftawar ido. Wannan na'urar ba ta fi akwatin ashana ba. Tana maƙalewa a wuyan riga, maɓallanta na dannawa ne, za ka same su da yatsa ba tare da ka kalla ba, kuma tana maimaita gaɓar waƙa guda sau nawa kake so.

Iyafis ɗin ne suka wahalar da ni. Mai shagon, wata dattijuwa mai gilashi a goshi, ta fara miƙo mini masu tsadar nan da ke kashe hayaniya da kansu. Na ce mata waɗannan gurnanin janareta suke iya kashewa, dukan ganga na kuɓuce musu. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar'uwa, miji kike saya wa ko jirgin sama za ki tuƙa?" Daga ƙarshe ta zaro waɗannan masu bakin soso, da ake murzawa a tura cikin kunne su kumbura su toshe shi. Na ce sai na gwada. Ta haɗa ni da ƙanwarta, muka je layin masu markaɗe, na tsaya gab da injin barkono na sa duka biyun. Ƙarar injin ta koma can nesa, waƙa kuma ta fito fes da 'yar ƙaramar murya. Mai injin yana ta yi mini ihu, ina kallon bakinsa kawai. Nan na fashe da kuka a tsakiyar kasuwa, don na gane haka za ka riƙa kallon bakina wata rana.

Ka tuna ranar da muka shiga kwalekwale a tafkin Nokoué? Ka rufe ido ka ce mai tuƙin bayan ya gaji, don filafilinsa na shiga ruwa a makare. Aka tambaye shi, ya ce da zazzaɓi ya kwana. Ka ce kana gane tafiyata a cikin taron coci, wai ƙafata ta hagu tana ɗan jan ƙasa. Wace mace aka taɓa so da kunne kamar yadda ka so ni? Wasu fuska suke yabo. Kai numfashina ka haddace, da yadda nake ajiye cokali in raina ya ɓaci. Yanzu fa? Ranar Lahadi mamata ta tambaye ka daga hagunka ko a ƙara maka kifi a kan akasa, tuwon ƙullun masarar nan, har sau uku, kana ta murmushi. Murmushin Tonton Dègla na gani a fuskarka.

Saura abu ɗaya da zai ba ka haushi, gara ka ji daga gare ni. Na'urar tana da wurin ƙayyade murya. Na ƙayyade ta, na kulle da lambar sirri, kuma ba zan ba ka ba. Za ka danna ta ƙi wucewa. Za ka kira ni 'yar sanda, ka ce na mayar da kai yaro. Kira ni duk abin da kake so, hasken raina, in dai za ka ji amsar da zan ba ka. Ka sa biyun, ka tura su ciki sosai. Gangar za ta zo maka a dushe da farko, abokanka za su yi dariya. Ka bar su.

In kuma ta ƙare a kurumta, ina nan. Zan koyi magana da hannu, zan zauna inda za ka ga leɓena, zan ɗora tafinka a maƙogwarona in ina kiran sunanka. Ba ina tsoratar da kai da rabuwa ba ne. Amma ina so ka ji kukan ɗanmu na fari da kunnenka, ba in ba ka labari ba.

Taka, da ji da rashin ji, har a rufe ni da ƙasa,
Sènami

Na riga na naɗe takardar sai matar mai busa ƙahonku ta biyo ta ofis. Ta ce Tonton Dègla ya karɓi kiɗan jana'iza na kwana uku a Abomey daga Juma'ar nan, da lasifika cike da mota, kuma ka ce za ka je. Ita kaɗai ta faɗa mini. Ban ji daga bakinka ba tukuna.