Kada Ki Saya Wa Mujahid Mesa

Makera, Kaduna

Zuwa ga Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara, a can Ingila. Allah ya ƙara muku lafiya, ya kare ku daga wannan sanyi da kike ba mu labari. Mu ma nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana taka wa zuwa Romi wajen Gwaggo, Baba kuma yana nan da rediyonsa.

Na ga hoton da kika turo na macijin da Mujahid ya gani a shagon dabbobi, wanda kika ce ana kira bowa, kina tambaya ko ya dace yaro ya fara kiwo da shi, tunda ni ne malamin macizai na gidanmu. Na duba shi da kyau, ɗan'uwan mesa ne, ba shi da dafi. Da a watan jiya kika tambaye ni, da na ce ki saya biyu, ki sa ɗaya a takalmin maigidanki. Amma Yaya, akwai abin da na hana kowa ya faɗa miki. Amarya ta mutu, yau kwana goma sha tara.

Kin tuna mesar nan tawa, na karɓo ta a hannun wani mafarauci a Mahuta ba ta wuce kamu ɗaya ba, na sa mata suna Amarya don Inna ta daina yi mini maganar aure. Wadda na fara tsoratarwa da ita Mama Tony ce, tsohuwar nan Inyamura ta gidan da ke jikin namu. Na saka mata ita a kwandon albasa, na laɓe ina jiran ihu. Sai na ji tana yi mata magana a hankali da yarensu, kamar mai marabtar baƙo. Ashe a garinsu ba a kashe mesa, in ta shigo gida ma lallaɓa ta ake yi. Ranar ta ja kunnena ta ce wannan baƙuwa ce, ba abin wasa ba. Shekara uku ita ke ajiye mini ɓerayen da tarkonta ya kama, kullum sai ta tambayi lafiyar kishiyarta kafin tawa.

To, akwai wani Sylvanus, abokin ɗanta Tony, da ke zuwa garejinsu daga Sabon Tasha yana cika bakin ba abin da yake tsoro a duniya. Shaiɗan ya raya mini in gwada shi. Da hantsi na saka Amarya a akwatin kayan aikinsa, na ɓuya bayan wata mota. Yana buɗewa bai yi ihu ba, bai gudu ba. Sifana ce a hannunsa, sau uku ya sauke mata a ka. Wallahi Yaya, dariyar tana bakina lokacin da na ji ƙarar ta farko. Ko motsin sara ba ta yi ba, ta saba duk hannun da ya buɗe mata murfi na alheri ne.

Sylvanus ya yi ta ba ni haƙuri, alhali ba shi da laifi. Mama Tony ce ta fito da sabon farin ƙyalle, ta naɗe ta da hannunta, ta sa na haƙa rami bayan gareji. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Abin da ta ce kawai shi ne amana aka ba ni na mai da ita abin ba mutane dariya. Tun ranar in na gaishe ta tana amsawa, amma ta daina ce mini ɗana. Ni kuma sai tuna karatun Malam nake a kan matar da aka kama da hakkin kyanwa. Da na sani ƙeya ce.

Don haka ga amsata. Macijin ba shi da aibu. Zai fi gaba guda tsawo, zai iya shekara ashirin ko fiye, kuma ba ya kuka balle ka san ka cuce shi. Matsalar mai kiwon ce. Ke da bakinki kika ce duk dangi ni Mujahid ya ɗauko wajen tsokana, kuma na san abin da zai fara zuwa ransa ranar da kuka yi baƙi. Ki saya masa na roba, Yaya. Shi ko an sauke masa sifana, ba wanda zai haƙa rami.

Ki gaida maigidanki da Mujahid da 'yar auta Nusaiba. Inna da Baba da Gwaggo suna gaishe ku. In kin kira Inna, ki ce ta miƙa wa Mama Tony wayar, ki roƙar mini ita, tana jin maganarki.

Ƙaninki,
Tasi'u